Tafin Hagun Baba Mai Kunne

A ƙarshen layin haɗa fanka, bayan hannayen ƙarfe shida da ke ɗaure noti babu hutu, akwai tebur guda da har yanzu ɗan Adam ne a kansa. Dattijo ne siriri, furfura ta cinye masa gemu, ya ɗaure tabaransa da zare. Ma'aikata na ce masa Baba Mai Kunne, don da ya kara fanka a kunne zai gaya maka ko za ta fara ƙara bayan wata uku.

Yau an rataya kyamara a saman teburinsa domin kwamfuta ta koyi aikinsa. Yana ɗaura farfela, amma duk sanda ya zo juyin ƙarshe sai ya kife tafin hagunsa a kai, kamar mai kare ashana daga iska. Zufa na bin wuyansa duk da sanyin ɗakin. Wataƙila yana tuna mutum goma sha biyun da ke zama a layin nan bara, su ma da kyamara aka fara. Wataƙila bai gaya wa mai ɗakinsa komai ba tukuna.

Wata injiniya ta matso, ta ɗan rusuna.

"Baba, don Allah ɗan janye hannun. Na'urar ba ta ganin yadda kake yi."

"To, 'yata," in ji shi.

Ya waiwayi hannun ƙarfe na bakwai, sabo fil cikin leda, yana jira a gefensa. Sannan ya janye tafin.