Ranar da kontomire ya kama mini murya

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da Lahadin da aka ɗaura auren ɗan ƙanwata a unguwar Moshi Zango ba. Ni ne wakilin ango, kuma aikina duka kalma biyu ne: in ce “na karɓa”.

Tun da safe matan gida suka tafi wurin girkin biki, aka bar ni da yunwa. A bayan ɗakina akwai gwaza da ta fito da kanta, ganyenta shar, wanda a nan Kumasi muke kira kontomire. Awakin Zango kuwa ba abin da suke bari, har kwali da takardun da ake liƙawa a bango, amma ban taɓa ganin sun taɓa ganyen nan ba. A wautata sai na ɗauka kunyata suke ji. Na tsinko, na yayyanka, na watsa masa ruwan zafi kawai, na kwaɗa da ƙuli-ƙuli yadda kakata take yi wa zogale. Da na ji yana cizon harshe, na ce yaji ne ya yi yawa, na cinye abina, na yi hamdala.

Kafin a sallame Azahar maƙogwarona ya zama kamar na haɗiyi ƙaya. Liman ya yi huɗuba, waliyyin amarya ya ce ya bayar, aka juyo gare ni. Na buɗe baki, sai wani siririn fito ya fita.

“Malam, ka karɓa?” in ji liman.

Hawaye suka zubo mini, na kama wuya ina girgiza kai don azaba. Dangin amarya suka ɗauka ƙi nake yi. Kawunta ya miƙe, ya ce, “Ei! In ba kwa so, ku faɗa mana. ’Yarmu ba ta rasa manema ba!” Ango ya rarrafo kusa da ni yana raɗa, “Kawu, don Allah, me na yi maka?”

Na zaro alƙalami, na rubuta a tafin hannuna da ajami: na karɓa, kontomire na ci. Liman ya karanta a fili, masallaci ya ɗauki dariya. Amma kawun amarya ya ce shi ba hannu ya zo saurare ba, sai ya ji da kunnensa.

Wata tsohuwa mai sayar da koko a ƙofar masallaci ta ji labari, ta aiko da manja a kofi, da saƙon cewa in shanye, kuma ko akuya ta fi ni hankali. Na shanye a gaban surukai. Bayan ɗan lokaci, da jan baki da farar riga mai ɗigon manja, na samu na ce “na karɓa” da muryar tsohuwar agwagwa. Aka shafa fatiha.

Daga baya ’yata da ke aikin jinya a unguwar Bantama ta gaya mini cewa ganyen cike yake da ƙananan allurai da ido ba ya gani, sai ya dahu sosai suke sakin mutum. Tsarki ya tabbata ga Allah. Na yi shekaru ina karanta cewa bai bar wata halitta babu mai tsaro ba, amma ban gane ba sai da ganye, wanda ba ya gudu ba ya ihu, ya hana ni magana a gaban jama’a. Tun daga ranar, duk abin da na ga ya zauna lafiya a tsakiyar mayunwata, nakan tambayi dalili kafin in kai hannu.