Ranar da aka sa ni a raga a Saint-Denis

A ekip ɗinmu ta ƙwallon ƙafa ta 'yan Nijar da ke Bron, kusa da Lyon, mutum ɗaya ne ya iya balo, shi ne mai tsaron raga, wani ɗan Maradi siriri. Mu sauran gudu kawai muke yi kowace Lahadi don tumbi ya sauka. Shi kuwa ko da gangan ka buga, sai ka ga balo ta maƙale a hannunsa.

Sai wani ɗan sa-ido ya kawo labari cewa da wani Bafaranshe yake zaune a Lyon, kuma ba zaman haya ba ne. Aka tambaye shi, ya ce haka ne. Ko ƙaryar da za ta rufa mana asiri bai yi ba.

Alhajin da ke saya mana riguna ya rantse ba zai sa ɗan luwaɗi a ekip ba. Amma ka san mu da kunya, ba wanda ya iya faɗa masa ido da ido. Sai muka buɗe sabon rukuni a waya ba shi, muka ce shi kenan, zai gane da kansa. Ni ma na shiga, har da tura gaisuwa.

Mako biyu bayan haka muka tafi Saint-Denis karawa da 'yan Nijar na Paris. Aka duba, aka ga na fi kowa tsawo, aka ce in tsaya a raga. Wallahi ban taɓa kama ko kaza ba. Kafin hutun rabin lokaci an zuba mana biyar, ɗaya ma tsakanin ƙafafuna ta bi. 'Yan Paris suna ta tambaya ko hoto na zo ɗauka.

Ashe ɗan Maradin ya zo, don ya sayi tikitin jirgi tun kafin mu yi masa wayo. Yana zaune a benci da Bafaranshen nasa, suna cin gyaɗa. Alhaji ya kalle shi, ya kalli raga, tauhidinsa ya ɗan yi laushi. Ya ce in je in roƙe shi ya shigo, na yau kawai.

Na je na zuba gaisuwa, har gajiyar hanya na tambaya. Ya bari na gama, sannan ya ce, "In an tashi aka kawo dambu a tire ɗaya, hannuna zai shiga?"

Na ce mu fara gama wasan tukuna. Ni da muka yi shekara uku muna cin abinci tare, abin da bakina ya iya fitarwa kenan.

Bai yi fushi ba, wannan ne ya fi ƙona ni. Ya buɗe jaka ya miƙo mini safar hannunsa.

"Riƙe. Su dai ba wanda ya ce sun yi laifi."

Na sa su na koma raga, aka ƙara mana uku. Da aka kawo dambu na waiga benci, sun tafi. Na zauna na ci tare da kowa, kuma kunyar wannan cin ba ta sake ni ba har yau.