Almakashin da Ya Hana Ilyasu Tafiya Gida

Duk shekarun da na yi ina tuƙi a Doha, ranar da na kai Ilyasu filin jirgi, na kuma dawo da shi da kayansa, ita ce ta ƙi fita daga raina. Tunda kun ce in ba ku labari kafin in ajiye makulli, to ga shi, ko da yake ba ni ne gwanin labarin ba.

Lokacin ni ne shugaban direbobi a kamfaninmu na masu gadi. Aikina raba motoci da safe, duba mai da taya, da kai ma'aikata filin jirgi idan hutunsu ya zo. Amma da yake na fi kowa furfura a masaukinmu na Madinat Khalifa, sai na zama har da alƙali da lauya, alhali karatuna bai wuce firamare ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, idan albashinka ya fara shiga banki a nan, wata rana za a kira ka da murya mai daɗi a ba ka katin bashi. Ka sayi abu yau, ka biya ƙarshen wata. Yaranmu da yawa sun karɓa, sun sayi waya da agogo, daga baya abin ya sha musu kai. Ni kuwa ina da magani. Akwai almakashi a akwatin bandeji na motata. Duk wanda ya kawo kuka, sai in ce ya biya abin da ya samu, in karɓi katin in datse shi biyu a gaban jama'a, in ce khalas, wato an gama. Har tafi ake yi mini.

Ilyasu mai gadi ne, mutumin Gumel, kuma yana da tsoron bashi. Ranar da na datse nasa ya ce, "Baba Hamisu, akwai fa ɗan saura."

"Nawa?"

Ya faɗa. Bai kai kuɗin tunkiya ba.

Na ce, "Haba Ilya, ka taɓa ɗaga kai ka dubi benen bankin nan? Masu wannan benen ne za su ɗauki lauya a kan kuɗin tunkiya? A kasuwar garinmu ma, ƙaramin bashi idan ya tsufa kunyar tambayarsa ake ji."

Na ƙara masa da shawarar ya canza layin waya, saƙonninsu su daina hana shi sukuni. Ya canza. Daga baya kamfani ya mayar da albashinmu wani bankin. Ilyasu ya je hutu sau ɗaya ya dawo lafiya, na ce, "Ka gani ko?"

Hutunsa na gaba ya daidaita shi da saukar Alƙur'ani ta 'yarsa Hafsatu. Walimar ta makaranta ce gaba ɗaya, ranar Asabar, ba a ɗaga ta saboda uban yarinya ɗaya. Ni na kai shi kasuwar Souq Waqif ya sayo turare da dabino da wata abaya mai duwatsu da ya yi ta juyawa yana murmushi. Ranar Alhamis da la'asar na sauke shi a filin jirgi, muka yi sallama.

Ban yi nisa ba waya ta yi ƙara.

"Baba, dawo."

"Fasfo ka manta?"

"Fasfo na hannuna. Sun ce akwai ƙara a kaina a kotu, ba zan fita ƙasar ba."

Kai tsaye muka wuce wurin mandub, wato jami'in da ke bin wa kamfani takardun gwamnati. Namu Basudane ne mai son raha. Ya duba kwamfuta, ya ce tsohon bankin ne ya shigar da ƙara, kotu ta hana Ilyasu tafiya sai ya biya. Tunkiyar nan ta hayayyafa, tarar jinkiri da kuɗin kati na kowace shekara sun hau kanta.

Ya tambayi Ilyasu, "Ina katin?"

"An yanka."

"Wa ya yanka?"

Ilyasu ya kama kallon silin. Na ce, "Ni ne."

Mandub ya yi dariya har da buga tebur. "Ya Hajji, roba ka yanka. Bashin yana nan da ransa. Kati a banki ake rufe shi, a ba ka takardar shaida."

Na ce, "To amma ɗan wannan kuɗin? Kuma ya tsufa."

Ya ce ƙanƙantar bashi ba ta hana mai shi zuwa kotu, ga banki ma ba wahala ba ce, lauyoyinsa na nan dama. Tsufa kuwa, doka ta san da wa'adi, amma lissafinsa aikin lauya ne, ba na direba ba. Sannan ya faɗi wadda ta fi ciwo: gobe Juma'a, jibi Asabar, kotu sai Lahadi.

Ranar Asabar Ilyasu ya sa sabon kaftanin da ya ɗinka don walimar, ya zauna a bakin gadonsa, matarsa ta riƙe masa waya daga Gumel. Muka taru a bayansa muna kallon Hafsatu tana karatu. Abayar tana cikin akwati. Da aka gama yarinyar ta karɓi wayar ta ce, "Baba, me ya hana ka zuwa?"

Ya ce, "Wani babban lauya ne ya riƙe ni. Ga shi, ku gaisa." Ya miƙo mini wayar.

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ni dai na ce Allah ya yi mata albarka.

Lahadi muka je bankin. Mandub ya yi ciniki aka rage tarar, na biya rabi, Ilyasu ya biya rabi. Aka ba mu takardar shaida, muka kai kotu, bayan 'yan kwanaki aka ɗage hanin. Ya tafi da abin da ya rage na hutunsa.

Daga nan na bi duk wanda na taɓa datse wa kati, ɗaya bayan ɗaya, ina kai su banki a motata. Wasu ba komai a kansu, wasu an samu. Na ƙarshe a layin ni ne, domin da nawa katin na fara gwada almakashin. Yarinyar da ke kan teburin ta duba, ta ɗago ta ce, "Hajji, mun daɗe muna kiran lambarka."

Abin da na koya shi ne, a aikin nan yara suna yarda da furfura fiye da takarda, saboda haka mai furfura ya koyi cewa "ban sani ba, mu je mu tambaya." Ilyasu bai taɓa riƙe ni a zuciya ba, amma har yau idan ya ga na buɗe akwatin bandeji sai ya dafe aljihunsa ya ce, "Jama'a, kowa ya ɓoye katinsa."