Ranar da Layi Ya Yi Zafi

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan manta ranar da na raka surukina Abuja ganin likitan ido ba. Daga Daura muka taso a mota, a Kaduna muka hau jirgin ƙasa. Na sha babbar riga da hular dara, don so nake tsohon ya tabbatar 'yarsa ba ta yi zaɓen banza ba.

Bazara ce. Da rana ta take, sai jirgin ya koma rarrafe. Na tare wani ma'aikaci na tambaye shi ko lafiya. Ya ce, “Alhaji, layin ne ya yi zafi a gaba.” Ya wuce abinsa.

To ni ɗan kasuwar shanu ne. A bakinmu in an ce hanya ta yi zafi, 'yan bindiga ake nufi. Na yi wurgi da hula, na tuɓe rigar kada a ɗauke ni mai kuɗi, na kurma salati, na shige ƙarƙashin kujera daga ni sai singileti. Mata suka ɗauki kuka. Abin da ke ci mini rai har yau, ƙafar surukina na rungume, mutumin da ko haɗa ido ba na yi da shi.

Ma'aikacin ya dawo da gudu. Da ya gane zancen, ya ce zafin rana yake nufi. Ƙarfen dogo ya fi iska ɗaukar zafi, in ya gasu yakan miƙe har ya lanƙwashe. Tun safe suke duba hasashen yanayi, su ƙiyasta zafin da ƙarfen zai kai, su faɗa wa direba inda zai rage gudu.

Taragon ya kwashe da dariya. Surukina bai ko murmusa ba. Ya lalubo hulata, ya kaɗe ta, ya miƙo ƙarƙashin kujera ya ce, “Hito, yaro, sakam mini ƙafa.” Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Bai taɓa faɗa wa 'yarsa ba, kuma wannan rufin asirin ya fi mini dariyar nauyi. Daga ranar na koyi in an faɗa mini magana, in tambayi me ake nufi kafin in tuɓe riga.