Turaren da Na Dasa a Gonar Aro

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun saba'in, lokacin ina sabon malamin firamare a Funtua, na shiga wata ƙungiya wadda in na faɗi aikinta yanzu sai 'ya'yana su yi ta dariya. Ƙungiyar masu renon itatuwan ƙasar Ostireliya ce. E, Ostireliya. Mu goma sha wani abu ne, kuma babu wanda ya taɓa taka ƙasar a cikinmu, har shi shugaban namu. Tsohon malamin daji ne, ya taɓa zuwa wani kwas ya dawo da iri cikin ambulan da wani littafi mai hotuna, shi ke nan ya zama limaminmu.

Duk Asabar da hantsi muke haɗuwa a wani fili bayan kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Akwai malaman makaranta, akwai akawun gidan gurzar auduga, akwai wani nas da ba ya zuwa sai da farin takalmi. Mu cika baƙar leda da ƙasa da taki, mu jera, mu yi ta ban ruwa. Itacen turare shi ne babban abin alfaharinmu. Bayan shi akwai wata mai ganye siri-siri da ke yin fito kamar sarewa in iska ta kaɗa, da wata mai jan fure kamar burushin wanke kwalba. Ba a daɗe da fita daga babban farin nan ba, kullum rediyo na cewa hamada na tafe, don haka mu a ganinmu mu ne za mu ceci Arewa.

Ni kuwa abin ya shige ni fiye da kowa. Ni da na tashi a gindin ɗorawa da kaɗanya, sai ga ni ina taɓe musu baki, wai ba sa saurin girma. Na haddace sunayen itatuwan nan na cikin littafi, ina zuba wa mutanen da ba su tambaye ni ba. Biro uku nake sawa a aljihun gaba. Allah dai ya yafe mana.

Mahaifina manomi ne a ƙauyenmu da ke kan hanyar Danja. Gona ɗaya gare shi mai kyau, baƙar ƙasa, rabi auduga rabi dawa, da ita ya ciyar da mu, da ita ya kai ni makarantar horon malamai. Amma ba tasa ba ce. Wani Alhaji amininsa ne ya ba shi aro tun kafin a haife ni. Alhajin ya rasu shekara biyu kafin abin da nake ba ku labari, babban ɗansa, wani mai sayar da hatsi, ya ce wa mahaifina ya ci gaba da nomansa kamar da. Na san duk wannan. Amma irin sanin nan ne da ba ya hana mutum barci.

Daminar wannan shekarar kurkunu ya kwantar da mahaifina. Ƙafar dama ta kumbura suntum, ko bakin zaure ba ya iya kaiwa. Ni ne ɗan fari, kuma hutun makaranta ya zo, sai kula da gonar ta dawo hannuna. A daidai lokacin ne shugaba ya ce ya kamata ƙungiya ta fita daga bayan kwatas ta shiga karkara, a samu gonar da za a yi gwaji, manoma su gani su koya. Kafin ya rufe baki na ɗaga hannu.

Akwai abokina a ƙungiyar, ɗan wasu 'yan kasuwa ne da suka zo daga kudu, amma a Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Kayan keke yake sayarwa. Da aka tashi sai ya ja ni gefe.

"Tsaya, Malam. Gonar nan ta gado ce ko ta aro?"

Na ce ta aro ce, amma ta fi shekara talatin a hannunmu.

Ya ce, "To wallahi kar ka soma. Mu baƙi, tun muna yara ake ja mana kunne a kan wannan. In an ba ka aron fili, shuka masara, shuka rogo, shuka duk abin da za ka cire ka tafi. Amma itace, a'a. Wanda ya dasa itace cewa ya yi wurin nasa ne. Kai da kake ɗan ƙasa ni zan gaya wa?"

Na yi dariya na dafa kafaɗarsa, na ce shi ɗan kasuwa ne, ya bar wa masu kimiyya aikinsu. Ya ce shi dai ba da hannunsa ba, kuma ranar dashen bai zo ba.

Na je gida na sami mahaifina a kwance, an naɗe kan kurkunun a jikin tsinke. Da yake ni ɗan fari ne ba ya kiran sunana, tun da na fara koyarwa sai ya koma ce mini Malam. Na durƙusa na ce, "Baba, akwai wani gyara da za mu yi wa gonar nan ta gabas, mu tare mata iska." Ya ce, "Madalla, Malam. Allah ya yi albarka." Shi a zatonsa shingen kara nake nufi. Ban ce dashe ba, ban ce itace ba. Na daɗe ina gaya wa kaina mantawa na yi. Ƙarya ce, na san in na faɗa zai hana.

Ranar Asabar muka zo da a-kori-kura cike da ledoji. Layi uku muka ja na turare, tun daga bakin hanya har ƙarshen iyakar gabas. Wannan ma bai ishe mu ba. Shugaba ya zo da allo na katako da aka rubuta da fenti, sunan ƙungiya a sama, a ƙasa an sa gandun gwaji ƙarƙashin kulawar Malam wane, da cikakken sunana. Muka kafa shi a bakin hanya, muka jeru aka ɗauke mu hoto. Manoma na wucewa da fartanya a kafaɗa, su tsaya, su duba, su ce sannunku da aiki, su wuce. Wani dattijo ne kawai ya matso ya ce mini, "Malam, ashe an saya?" Na ce, "Ba a saya ba, Baba, raya ta muke yi." Ya ce to, ya kaɗa kai ya tafi.

Ba a yi kwana goma ba ɗan aiken dagaci ya yi sallama a gidanmu. Ɗan Alhaji ya kai ƙara. Bayan ɗan aiken ya tafi mahaifina ya sa aka kira ni.

"Malam, itace ka dasa?"

Na ce, "Turare ne, Baba, irin na ƙasar Ostireliya, shekara uku kawai…"

"Ban tambaye ka garinsu ba. Itace ne?"

Na ce itace ne. Ya rufe ido ya yi salati a hankali.

A nan ne na ƙara tafka wauta ta biyu, wadda ta fi ta farko. Na hau keke na koma Funtua na roƙi shugaba ya zo zaman, a tunanina babban mutum ne, mai ilimi, zai yi bayanin da kowa zai gane. Ya zo kuwa, da littafinsa a hammata. Mahaifina a kan jaki aka kawo shi, mutum biyu suka sauke shi suka zaunar a zauren dagaci, ƙafar na miƙe.

Ɗan Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce mahaifinsa ya ba da aro don zumunci, shi ma ya bar shi a haka, sai ya zo wucewa ya ga itatuwa layi uku da allo mai sunan wani a kan gonar gadonsu. Ya ce shi so yake ya ji abin da ake nufi.

Mahaifina ya ce, "Ranka ya daɗe, gona tasu ce, jiya tasu ce, yau tasu ce. Ina kwance aka yi wannan. Wautar ƙuruciya ce. A ba ni zuwa gobe, ko da rarrafe zan je in tuge su ɗaya bayan ɗaya, allon kuma a yi makamashi da shi."

Wallahi na ga fuskar ɗan Alhaji ta fara sauka. Dagaci ma ya gyara zama irin na wanda zai ce a yafi juna. Da an bar maganar a nan, da ta mutu. Sai shugaba ya yi gyaran murya.

Ya ce tuge itace a wannan zamani laifi ne babba. Ya yi bayanin hamada, ya buɗe littafi ya nuna hoto. Sannan ya ce, ai ma in ana maganar doka ne, gwamnatin soja ta fito da sabuwar doka, ƙasa duk ta koma hannun hukuma, kuma wanda yake noma wuri yana raya shi, shi doka ta fi sani. Ya faɗi wannan yana murmushi, yana duban mutane ɗaya-ɗaya, yana jiran a yaba.

Ɗan Alhaji ya juya ga dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka." Sannan ya dubi mahaifina ya ce, "Baba, ni ban zarge ka ba, har ga Allah. Kai uba ne a wurina. Amma yau kana nan, gobe sai yadda Allah ya yi. In ba ka nan, da waɗannan zan zauna." Ya nuna ni, ya nuna shugaba.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Mahaifina zai cire amfanin wannan shekarar, bayan kaka gona ta koma wa masu ita. Da aka zo maganar turaren, ɗan Alhaji ya ce a bar su, tunda a ƙasarsa suke. Allon kawai ya ce a cire.

A hanyar raka shi bakin titi, shugaba ya ce mini, "Kar ka damu, Malam. Mutanenmu sai a hankali, jahilci ne ya yi musu yawa." Asabar ta gaba ya tashi a gaban ƙungiya ya ba da rahoto cewa shirin shiga karkara ya yi nasara, itatuwa duk sun kama. Aka tafa. Aka zagaya da hoton nan hannu-hannu. Babu wanda ya tambayi halin da mahaifina ke ciki, sai abokina mai kayan keke, wanda ko kallon na gaya maka bai yi mini ba. Ban sake komawa ba. Ƙungiyar ma ba ta yi nisa ba, aka yi wa wannan canjin wurin aiki, wancan ya yi ritaya, ledojin suka bushe a bayan kwatas.

Mahaifiyata ce ta yi mini faɗa, sau ɗaya, tana tankaɗe ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Shekara talatin yana kai wa gonar nan taki a kan jaki. Kai wuni ɗaya ya ishe ka." Mahaifina kuwa bai taɓa tayar da maganar ba. Ya tashi daga kurkunu da ɗingishi, ya samu wani fako mai tsakuwa can nesa da gari, ya ci gaba da noma. Dawar da ake samu ba ta kai mu damina. Auduga kuwa ya bar ta ke nan.

Har yau in na ce na huce, na yi ƙarya. Ina jin haushin shugaba, wanda ya rasu bai taɓa sanin ya yi wa wani ɓarna ba. Ina jin haushin ɗan Alhaji, don ya san sarai mahaifina ba zai ci amana ba. Amma in na gama zagaye-zagayena a kaina nake dawowa. An gaya mini. Da Hausa aka gaya mini, a fili, kuma wanda ya gaya mini ba shi da ko taku ɗaya na gona a ƙasar nan. Ba rashin sani ne ya kai ni ba, raini ne. Na ɗauka duk abin da ba a rubuta a littafi ba, ba ilimi ba ne.

Sai da na yi shekara takwas ina tari kafin na iya sayen gona. Ba ta kai waccan ba, amma ƙasarta na da kyau, kuma kusa da gari take. Na kai mahaifina ya gani. Ya zagaya ta da sandarsa, ya duƙa ya ɗebi ƙasar ya murza. Na ce, "Baba, taka ce, halak malak." Ya ce, "Allah ya yi albarka, Malam." Na koma Funtua ranar ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka.

Da kaka ta zo, wata ranar kasuwa na dawo daga makaranta na tarar da damin dawa guda ɗaya a jingine a zaurena. Matata ta tare ni da murna, ta ce Baba ne ya aiko, wai a gaya mini an gode. Na tsaya ina kallon damin. A wajenmu dami ɗaya bayan girbi, tare da saƙon godiya, shi ne abin da mai aron gona ke kai wa mai gona.

Na je har gida na roƙe shi ya daina. Ya ce, "Haka ake yi, Malam." Shekara shida ya yi yana noma gonar nan kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma bai taɓa fashin aiko da damin ba.