Ni Na Ɗaure Filogin, Kuma Ban Miƙa Makullin Ba

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru malamar firamare ce ni a Gumel, ina da 'ya'ya mata uku, kuma ban fi wata biyar da fita takaba ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, fataucin dabbobi yake yi. Duk Alhamis yana kasuwar Maigatari, sauran ranaku yana bin ƙauyuka da wata tsohuwar jif fara. Shi ya koya mini tuƙi da ita a filin bayan gari. Da aka raba gado motar ta faɗo a rabonmu ni da yara, kuma tun ranar yayansa bai bar ni na huta ba. Duk zuwan da zai yi gaishe da marayu sai ya tsaya ya shafa jikin motar, ya ce ƙarfe ba ya zama a hannun mace, gara na ba shi ya riƙe mana kafin ta zama gidan kaji. Ni kuwa nakan ce na ji Yaya, za a duba, amma makulli yana ƙasan jakata.

Ana nan sai injin ya fara karkarwa, in na taka mai sai ta yi kamar mai tari kafin ta ja. Bakaniken marigayi ya saurara ya ce filogi ne suka mutu, na dawo gobe. Goben ta zama jibi, jibin ta zama mako biyu. Duk zuwan da na yi sai na tarar ya buɗe motar wani Alhaji, ya ce mini Hajiya ki turo namiji mana, gareji ba wurin zamanku ba ne. Ni kuwa ina da dalilin gaggawa. Mahaifiyata tana wani ƙauye gaba da Ɗanzomo, yanar ido ta rufe mata ido biyu, ko kwanon gabanta sai ta laluba. An sanar cewa likitocin ido za su zo asibitin garinmu su yi aiki na kwana biyu kacal, na kuma samar mata kati na rana ta biyun. Hanyar ƙauyen yashi ne da ƙaramar mota ba ta shiga, Inna kuma ba ta iya zaman babur.

Ranar da ya sake ce mini gobe, ana jibi aikin ne, raina ya ɓaci. Daga garejin na wuce shagon kayan gyara na sayi filogi huɗu. Na dawo gida na shigar da motar tsakar gida, na ɗauko akwatin sifanun marigayi, na jingine waya a kan batir ina kallon wani yana canza filogin mota irin tawa. Ban jira injin ya huce ba, har yatsana ya ƙone ban fasa ba. Na cire wayoyin, na kwance tsofaffin filogin, duk sun yi baƙi ƙirin, na zura sababbi. Uku suka shiga salin-alin. Na huɗun, wanda ke can ciki kusa da gilashi, ya cije tun juyi na biyu. Mutumin cikin wayar ya faɗa cewa da yatsu ake fara ɗaurawa, in ya cije a dawo da shi baya, amma na ji kamar in na koma baya bakaniken ne ya ci nasara. Na sa sifana na danne da ƙarfina har ya zauna. Na tayar da mota, injin ya yi luf. Yarana suka yi ta tsalle, ni ma ranar har waƙa na yi a kicin.

Ranar aikin na fita da sassafe, na isa ƙauye lafiya. Inna ta yi wanka ta sa turare, ta ce mini abin da take so ta fara gani shi ne autata, wadda ta sani da murya kawai. Mun baro ƙauyen, muna tsakiyar yashi ba mu kai ga kwalta ba, sai na ji wata ƙara kamar an harba bindiga a cikin bonet, injin ya ɗauki fat-fat-fat, warin fetur ya cika motar. Na kashe ta nan take don tsoron wuta. Da na buɗe bonet sai ga filogin nan na huɗu ya yi tsalle ya fito, ya fasa abin da ke kansa, zaren ramin da ake ɗaura shi a ciki ya biyo shi kamar garin azurfa. Ba sai an gaya mini ba, aikina ne. Babu sabis a wurin, babu gida kusa. Na shimfiɗa wa Inna mayafina a gindin wata aduwa, tana tambayata ko mun kusa, ina ce mata saura kaɗan. Sai bayan azahar wani Bafulatani ya biyo da amalanken shanu, ya sauke buhunansa ya ɗora Inna, ya kai mu bakin titi bai tambaye ni komai ba. Kafin mu samu mota mu isa Gumel la'asar ta wuce, likitocin sun rufe, suna haɗa kaya. Na roƙa har da kuka, suka ce sun riga sun kwance na'urorin aikin, su kuma da asuba za su tafi.

A hanyar gida na faɗa wa Inna gaskiya, cewa ni na taɓa motar da hannuna. Ta laluba ta kama hannun nawa, ta ce ai da ma gani na Allah ne, in da rabo za a yi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Wata bakwai ta ƙara a cikin duhu saboda gaggawata, wannan kuwa ba zan taɓa wanke kaina daga gare shi ba.

Labari ya riga ni isa unguwa. A makaranta wani malami ya riƙa kirana injiniya, ana dariya. Kwana biyu bayan an jawo motar gida sai ga yayan maigidana da wani dattijo, wai shaida. Ya ce abin da yake gudu ke nan, yau filogi ne, gobe kuma marayun ɗan'uwansa zan kifar a hanya, don haka na kawo makulli cikin mutunci. Na durƙusa na gaishe su kamar yadda aka saba, sannan na ce, "Yaya, na yi kuskure, kuma uwata ce ta biya, ba kai ba. Mako biyu ina jeka-ka-dawo a gareji, kana gani, ba ka ce kawo na kai miki ba. Motar nan ta marayu ce, a gidan marayu za ta kwana." Dattijon ya dubi ƙasa, ya ce Alhaji mu tafi, maganar Malama ba ta bar wurin ƙari ba.

Wata abokiyar aikina ta yi mini kwatancen wani tsohon bakanike a Maigatari, mutumin Damagaram, wanda filogi ma buji yake ce masa. Na sa aka ja motar har can, na bi ta. Ya leƙa ramin da tocila ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Na ce ni ce Baba, ina jiran dariya. Sai ya ce shi ma ya taɓa cinye zaren motar wani jami'in kwastan yana saurayi, har ya gudu ya bar garin na mako guda. Ya gyara ramin ya sa masa sabon zare, sannan ya ƙi ɗaure filogin. Ya miƙo mini ya ce, "Malama, hannun da ya ɓata shi zai gyara. Ajiye sifanar, yatsu tukuna." A gaban masu gyaran taya da direbobin manyan motoci na ɗaure huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye yana cewa a hankali, in ya cije ki dawo, ƙarfe ba ya son gardama. Da kaina na tuƙo ta zuwa Gumel. Da likitocin suka dawo bayan kaka, a motar na ɗauko Inna, aka yi aikin, ido ɗaya ya buɗe tar, ɗayan kuwa sun ce an makara.

'Yan'uwana mata, da ma maza masu karanta wannan shafi, na san akwai masu jiran na ce na tuba, mace ta bar sifana. Ba zan faɗa ba. Har yau ni nake canza filogina, nake duba mai da ruwa, kuma babbar 'yata tana koyo a gefena. Abin da na tuba da shi shi ne aiki cikin fushi. Kada ku taɓa inji yana da zafi, kada ku taɓa shi ku ma kuna da zafi. Abin da ya ƙi shiga da yatsu kada ku tilasta masa da ƙarfe. Motar da kuka gyara yau kada ku ɗora mata mara lafiya gobe, sai kun yi kwanaki kuna gwada ta a cikin gari. In wani ya ƙi koya muku, ku nemi wani, masu sani ba su ƙare ba. Kuskure na yi shi, na ɗauka, ina ganinsa kullum a idon Inna na hagu. Amma wanda bai tsaya da ke ranar da kike neman taimako ba, ba shi da bakin karɓe miki abin hannunki ranar da kika faɗi.