Dogo da Jif ɗin da Ta Ƙi Hawan Tsauni

Kafin masu shaguna su buɗe, Dogo bakanike ya riga ya share gaban garejinsa, ya jera sifanu a kan buhu, ya zauna kan tsohuwar taya yana jiran wanda mota ta kunyata. Haka muka san shi tun gashinmu na baƙi. Yanzu hannunsa ya fara rawa, ya ce zai rufe ƙofar. Ni ba mai yawan yabo ba ne, 'ya'yana shaida ne, amma a kan wannan mutum ba zan yi shiru ba.

Ina da tsohuwar jif mai shiga duwatsu. Bara mai ɗakina ta matsa sai ta ga yayarta da ke kwance a ƙauyensu, can bayan tsauni, inda hanya ke yankewa da zarar damina ta sauka. Dogo ya sauke injin, ya yi masa gyaran gaba ɗaya, muka kama hanya. A shimfiɗe lafiya lau. Hawan farko allurar zafin inji ta hau ja, ruwa ya tafasa, dole muka juyo. Muka dawo gida. Mai ɗakina ta ajiye ƙullin tsarabarta a bakin gado, ta ƙi kwance shi.

A gareji motar ta wuni a kunne, ko gumi. Wani ya ce gaskit ne, wani ya ce fanka. Dogo ya goge hannu.

"Malam, motarka munafuka ce. A gabana salihar baiwa. Kai ni inda ta yi maka rashin kunyar."

"Ga hadari can yana haɗuwa, kai kana neman yawo?"

"Ba na yi wa mota magani a gado."

Muka hau tsaunin har ta ɗau zafi. Ya sa dutse a bayan taya, ya kwanta ƙarƙashinta, ya ce in taka totur. Can na ji ya ja tsaki. Ashe tiyon ƙasa na lagireto ne, in ya yi zafi ya yi laushi, sai injin ya tsotse shi ya lafe, ruwa ya kasa wucewa.

Ya fito da ƙasa a ƙeya. "Ni na sa sabon tiyon, ban duba ko da murɗaɗɗiyar wayar da ke riƙe cikinsa ba. Ka ba mai ɗakinka haƙuri, ni na tsayar da ita."

Ya sa wayar, kuma ya ƙi barin mu tafi mu kaɗai. Ya zauna a baya, kunnensa na kan injin har ƙofar gidan. Maras lafiyar ta ɗago ta dubi ƙanwarta.

"Sai yanzu?"

"Mota ce, Yaya."

"Mijinki dai."

Suka yi dariya, suka yi kuka. Yayar ba ta ga ƙarshen daminar ba.

Dogo, kai ne ka ba su wannan yinin. Kai ne mai cewa laifina ne tun ba a tambaye ka ba. Na wuce ta garejin jiya, na ga ana sauke allonka, sai na rasa inda zan tsaya in gaisa. Allah ya saka maka, ya ba hannunka lafiya.

Ku kuma masu riƙe da sifana yanzu, ku je ku zauna kusa da shi tun yana iya nuna muku. In mota ta zo gabanku, ku tambayi inda mai ita yake son zuwa, da wanda ke jiran sa a can.